Darasi: Zaɓen Amortisar ga Katkat Ɗin da Aka Ɗaga

Assalamu alaikum ƴan uwa direbobi da masu motoci, barkanmu da war haka daga nan garejinmu a Damagaram. Yau ga Land Cruiser 79 a gabanmu. Mai ita, wani Alhaji da ke jigilar kaya tsakanin Gure da Taskar, ya sa an ɗaga masa ita santimita 5, an sauya risor na gaba (sifirin mai murɗe) da lam na baya (sifirin faifan ƙarfe da aka jera), amma aka bar mata amortisar ɗinta na asali. Wata biyu bai cika ba ya dawo, ya ce duk ramin da ya faɗa sai ya ji ƙwas a baya kamar an buga guduma.

Yaro, matso da kyamara nan. Kun ga kunnen da ake ɗaura amortisar ɗin? Ga tsaga nan, ta fara cin waldar. Abin da ya faru shi ne, da aka ɗaga motar, amortisar ya riga ya miƙe kusan ƙarshensa tun tana tsaye. To in taya ta sauka rami, babu sauran tsawon da zai bayar, sai nauyin gadar baya, wato ƙarfen da ke haɗa tayoyin baya biyu, gaba ɗaya ya rataya a wuyansa. Wannan ƙarar da Alhaji ke ji ke nan.

Ku riƙe wannan da kyau: risor da lam su ke ɗauke da nauyin mota, su ke ba ta tsayi. Aikin amortisar shi ne ya hana ta yin ta lilo bayan ta taka rami. Saboda haka kada ka je kanti ka ce a ba ka na Land Cruiser kawai. Motarka ta riga ta tashi daga awon kamfani, awo biyu za ka tafi da su a takarda.

Na farko, tsawonsa in ya miƙe. Ka sa kirik a shasi, ka tokare da kyau, don Allah kada kowa ya shiga ƙarƙashin mota kirik kaɗai na riƙe da ita. Ka kwance tsohon amortisar, ka bar gada ta sauko a hankali. Idonka na kan tiyon birki: in ya fara ɗamewa, tsaya nan, shi ma sai an sa mai tsawo. A gaba kuma ka duba kada risor ya saki ya fita daga mazauninsa. Sai ka auna daga tsakiyar ramin ƙusa na sama zuwa na ƙasa.

Na biyu, tsawonsa in ya matse, kuma a nan ne mutane suka fi yin asara. Mutum ya ga an ɗaga mota sai ya sayo mafi tsawo a kasuwa. Dogon amortisar jikinsa ma dogo ne, ba ya matsewa sosai. Ga wannan robar da ke tsakanin shasi da gada, ita ya kamata ta fara karɓar duka in an yi lodi an faɗa rami. In amortisar ya ƙure kafin gada ta taɓa robar, duka ya koma cikinsa, bawul ya fashe ko sanda ta lanƙwashe. To ka sauke motar ƙasa, ka auna tsakanin kunnuwan biyu, ka cire tazarar da ke tsakanin gada da robar, ka ƙara cire kamar santimita 2 don robar ma tana lotsewa. Wanda za ka saya, in ya matse, kada ya wuce wannan awon.

Masu Hilux na 2005 zuwa yau, gabanku ba gada ɗaya ba ce, kowace taya da hannuwanta. In amortisar ya yi tsawo, kardan (sandar da ke juya taya) da rotil (mahaɗar hannun taya) ne za su biya kuɗin.

Sai zancen zafi, wanda shi ne namu na nan. Duk wanda ya bi gargada a arewacin Tanut cikin watan Afrilu, rana ta haura digiri 40, ya san yadda mota ke fara tafiya daram, bayan awa guda ta koma rawa. Man da ke ciki ne ya yi zafi ya yi kumfa, kumfa kuwa ba ta riƙe komai. Mai bututu biyu, irin wanda aka fi samu, yana da sauƙin kuɗi kuma yana jure jifan tsakuwa, amma ya fi saurin yin kumfa. Mai bututu ɗaya, irin na Bilstein, an raba mai da iskar nitrojin da wani fistan, yana saurin huce zafi, sai dai in dutse ya lotsa jikinsa ya gama aiki. Akwai mai ƴar tanki a gefe, man ya fi yawa, kuɗin ma haka. Ni a ganina, mai zirga-zirga kan gudron tsakanin Zinder da Maradi ba ya bukatarsa. Mai shiga Tarmit da ganguna na ruwa da gazuwal, shi kam kuɗinsa bai tafi banza ba.

Kuma ka gaya wa mai kanti gaskiyar lodinka. Kamfani irin Old Man Emu na Ostareliya yana haɗa amortisar da lam gwargwadon nauyin da motar ke ɗauka kullum, don haka lambar da ke jikin kwali ita za ka duba, fenti kowa na iya shafawa. Na okaziyo kuwa, ka tsayar da shi ka danna ka ja da hannu. In ka ji wani wuri ya tafi sakayau babu turjiya, ajiye shi.

A sauya biyu tare, hagu da dama. Yaro, kawo sababbin, ka sa ƙusoshin amma kada ka ɗaure tukuna. Sai mun sauke ta, nauyinta ya zauna kan tayoyinta, sannan mu ɗaure, in ba haka ba robobin kunnen za su murɗe su yage. Kawo makulli, mu fara da na hagu.