Amsoshin Tambayoyinku: Nawa Ake Cirewa Na Haraji Daga Albashi?

Masu sauraro, assalamu alaikum, barkanmu da sake saduwa. Wasiƙar farko ta fito daga wani bawan Allah mai makarantar kuɗi a Zariya. Ya ce yana biyan shugaban malamansa naira 250,000 a wata, to nawa ya kamata ya riƙa cirewa na haraji, kuma gaskiya ne an canza lissafin?

Malam, an canza. Shugaba Tinubu ya sa hannu a kan sabuwar dokar haraji a watan Yunin 2025, ta fara aiki ranar 1 ga Janairun 2026. Tsohon rangwamen nan na naira 200,000 da kashi 20 cikin ɗari na albashi ya tafi, don haka in akawunka na nan riƙe da tsohon jadawali, sai ya ajiye shi.

Ɗauko biro. Da kuɗin shekara ake lissafi, ba na wata ba: 250,000 sau 12, miliyan 3 ke nan. Kafin a taɓa maganar haraji, a fitar da kashi 8 na fansho. A ce duk albashin ne ake lissafa fanshon a kansa, ya zama 240,000. Sai sassaucin haya, wato kashi 20 na abin da yake biya a shekara, amma ba ya wuce 500,000. In hayarsa 600,000 ce, an yafe masa 120,000. Saura 2,640,000.

To, a nan mutane da yawa ke yin kuskure. Harajin hawa-hawa ne kamar matakala. Naira 800,000 na farko ba a taɓa su ko kwabo. Daga nan zuwa miliyan 3, kashi 15. Daga miliyan 3 zuwa 12, kashi 18. Haka yake hawa har kashi 25 ga abin da ya haura miliyan 50. Malaminka bai wuce hawa na biyu ba. Cire 800,000, saura 1,840,000. Kashi 15 nasu 276,000 ne a shekara, wato 23,000 duk wata. Wannan za ka riƙe, ka miƙa wa hukumar tattara haraji ta Jihar Kaduna kafin 10 ga watan da ke biye ya wuce.

Amma fa sai ya sanar da kai hayar da yake biya, da shaida a hannu. In bai kawo ba, 24,500 za ka cire. Ya yi asarar 18,000 a shekara saboda rasit ɗin da ke kwance a aljihun wata tsohuwar riga. Mai zaune a gidansa na kansa ba shi da wannan sassauci, kuma ni dai ina ganin an ɗan matse wanda ya sha wahala ya yi gini.

Wata baiwar Allah daga Gusau ta ce an yi mata ƙarin girma, amma tana tsoron haraji ya cinye ƙarin. Hajiya, karɓi abinki. Kashi 18 ba ya hawa kan dukkan albashinki, sai abin da ya ɗara miliyan 3 kaɗai. In kin haura da 100,000, naira 18,000 za a ɗauka a cikinsu, 82,000 naki ne.

Sai wani ɗan'uwa da ke kwana a Suleja yana aiki a wani kamfani a Abuja, yana tambayar wa ke cin harajinsa. Inda kake zaune ake dubawa, ba inda ofis yake ba, don haka Jihar Neja ce. Ka leƙa wurin akawunku ka tabbatar can ake turawa, domin ranar da ka nemi takardar shaidar biyan haraji, Minna za ta duba ko sunanka na cikin littafinta.

Sauran wasiƙu sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. A huta lafiya.