"Kayan sun iso", amma Bature ya ce abu ɗaya ne

Wani tsohon malamin Turanci ne ya yi wannan lacca a cikin birnin Katsina, ga ɗalibai masu shirin zana WAEC da NECO. An kwafo ta daga muryar da aka naɗa, kusan yadda ta fito daga bakinsa.

Assalamu alaikum. Na baya kuna ji na? Ku matso mana, ga benci nan gaba babu kowa, ba na cizo.

An ce in yi magana a kan abin da yake kayar da yara a takardar Turanci, wato jituwar aikau (mai yin aikin) da aikatau (kalmar aikin): tilo ya bi tilo, jam'i ya bi jam'i. Abu huɗu na rubuto. Za mu ga inda Allah Ya kai mu.

Na farko, wannan 'yar ƙaramar "s". A Hausa in na ce "yaro ya tafi", "yara sun tafi", kun ga "tafi" ko motsi ba ta yi ba. "Ya" da "sun" su ne suka ɗauki nauyin. Shi kuwa Bature a jikin aikatau yake manna alamar, kuma a juye. "S" a wutsiyar suna jam'i ce, a wutsiyar aikatau tilo ce. "The boy goes", "the boys go". Ni abin da nake gaya wa ɗalibaina, hula ɗaya ce a gidan. In suna ya sa, aikatau ya fita da kai a buɗe. Wannan kun san shi tun firamare, mu wuce.

Na biyu, to nan ne nake so ku ajiye biro ku dube ni. Shekarun da na yi ina duba takardun yara, na lura yawancinsu sun san dokar. Inda ake faɗuwa wajen ƙirga ne. Yaro yana rubuta Turanci, amma da Hausa yake ƙirgawa a zuci.

Ɗauki "kaya". Ka je tasha, ɗan kamasho ya ce maka "kayanka sun iso". Sun! Sai ka shiga aji ka rubuta "my luggage have arrived". Ka faɗi. A wurin Bature "luggage" dunƙule ɗaya ne, ba ya ƙirguwa: "my luggage has arrived". Haka kayan ɗaki. Mata su je ganin ɗakin amarya, su dawo suna cewa kayan sun yi kyau, gado da kujeru da madubi, an cika mota biyu. Duk wannan wahala da uban amarya ya sha, Bature ya tattara ya ce "the furniture is". (Dariya.) Wallahi ko mota goma ce, "is". Haka "equipment", haka "information", haka "advice". Kada in sake ganin "advices".

Sai kuɗi. Wannan ina son shi ƙwarai. Me ya sa muke cewa "kuɗin sun ƙare"? Wa ya sani? Babu? Kuɗi jam'in "wuri" ne, ɗan farin ƙwanson nan na teku. Kafin anini da sule, da wuri kakanninmu suke ciniki a kasuwar garin nan, a zube shi a tabarma a ƙirga. Wuri ɗaya, kuɗi da yawa. Wurin ya tafi, jam'in ya zauna a bakinmu har yau da ake tura kuɗi ta waya. Saboda haka yaron da ya rubuta "the money are finished" ba daƙiƙi ba ne, gadon kakansa ya ɗauko. Amma mai duba takarda bai san kakanka ba. "The money is."

Yanzu juya abin. Wando guda nawa ne a jikinka, kai mai jar hula? Ɗaya. "Wandona ya yage." Bature ya dubi ƙafa biyu ya ce "my trousers are torn". Almakashin tela, "the scissors are". Tabarau ɗin nan nawa, "my glasses are". In kana son tilo sai ka sa masa "a pair of" a gaba, sannan ka ce "is". Mu mun ga abu da yawa, shi ya ga ɗaya. Mu mun ga ɗaya, shi ya ga biyu. Kamar da gangan.

Kuma kada "s" ta ruɗe ku. "News" tana da ita, amma "the news is", ko da mu "labarai" muke cewa. "Mathematics is." Su kuma "police" da "cattle" da "people" ba su da ita, amma "are" suke ɗauka. A nan Hausa ta taimake ku: 'yan sanda sun zo, shanu sun shiga gona. Haka "kowa". Wa ya taɓa jin an ce "kowa sun zo"? Kowa ya zo. To "everybody is", shi ke nan, kyauta kuka samu.

Kada wani ya ce mini wai Bahaushe ba ya iya Turanci. A garin nan aka buɗe Kwalejin Katsina a 1922, ginin da yanzu yake gidan tarihi. Sardauna nan ya yi karatu, Abubakar Tafawa Ɓalewa nan ya yi karatu, wanda har yau ake sauraron jawabansa saboda daɗin Turancinsa. Da Hausa suke hira in an tashi aji, kamar ku. Ku nawa ne kuka taɓa shiga ginin? Uku. Abin kunya, kuna wucewa ta wurin a Keke Napep.

Ina muka tsaya? Na uku, ko na huɗu ne? Lokaci ya tafi, bari in haɗa su. "One of my friends is", saboda ɗayan ake nufi, ba abokan ba. "The bag of onions is heavy", buhun ne mai nauyi, kada albasar da ke kusa ta ja ku. A "neither... nor" kuwa, na kusa da aikatau shi ke da iko. "Ten thousand naira is enough", don dunƙule ne. Ƙungiya kuma, mu kanmu muna cewa "jama'a ta taru" ko "jama'a sun taru". 'Yan Ingila sukan ce "the team are", 'yan Amurka "the team is". A jarrabawa ku riƙe tilo, sai in jimlar ta nuna kowa ya kama gabansa.

Na ga hannu. Na'am, 'yata, ɗaga murya.

(Ɗaliba: Malam, mu a gida ba ma cewa "Baba ya dawo", sai "Baba sun dawo". In na rubuta "my father have come", ba ladabi ba ne?)

Allah Ya yi miki albarka, an yi miki tarbiyya. Amma za ki rasa makin. Sai dai tambayarki ta fi duk abin da na rubuto. Kin san Turawa ma sun taɓa yin abin nan? A dā suna da "thou" ta mutum ɗaya, "thou art", ita kuwa "you" ta jam'i ce. Sai aka riƙa ce wa babban mutum "you" don girmamawa, daidai da yadda kike ce wa Baba "ku". A hankali kowa ya so a girmama shi, har zuwa ƙarni na 17 "thou" ta fara ɓacewa daga maganar yau da kullum. Masu tsofaffin fassarar Alƙur'ani ta Turanci a gida, ku duba, za ku gan ta. Shi ya sa har yau ko jariri kike yi wa magana "you are" za ki ce, ba "you is" ba. Jam'in girmamawa ne ya maƙale.

Amma a "you" kaɗai ya tsaya, bai kai ga wanda ba ya nan ba. Saboda haka a takarda, "my father has come". In kin koma gida ki durƙusa ki ce "sannunku da dawowa", ba wanda zai cire miki maki.

Kiran sallah nake ji? To, mai goge allo ya bar "furniture" ɗin nan, akwai waɗanda ba su kwafa ba.