Jarkar ruwa cikin kayan haihuwa

Hadiza: Assalamu alaikum, barkanmu da sake haɗuwa. Yau ku kuka zaɓi magana, don tun makon jiya saƙonninku a kan abu ɗaya suke: takardar kayan haihuwa, wato jerin kayan da asibiti ke cewa mai ciki ta zo da su.

Sani: Safar hannu, leda, reza, Dettol…

Hadiza: Da jarkar ruwa, Malam Sani! Nan ne abin ya tsaya mini a rai. Mace tana naƙuda, mijinta yana waje yana cigiyar 'yan ga-ruwa. Ungozoma ta karɓi haihuwa, ga wata tana jira, da me za ta wanke hannu? Ta nan ciwo ke shiga cibiyar jariri, ta nan mai jego ke kamuwa da zazzaɓin da ke tafiya da rai. Kuma ba mu kaɗai ba ne. Rahoton WHO da UNICEF na 2022 ya ce rabin cibiyoyin lafiya na duniya ba su da cikakken wurin wanke hannu, ko a inda ake duba marar lafiya ko a bakin banɗaki.

Bilki: Rabi, Anti Hadiza?

Hadiza: Rabi. Ku tuna kwalarar 2021, sama da mutum 3,000 ta kashe a Najeriya. Mai amai da gudawa a kai shi asibitin da banɗakinsa ba ruwa, ai masu jinyarsa ma an saka su cikin haɗari.

Sani: To amma a ce ba a haƙa rijiyoyin burtsatse? Ko'ina ka wuce ga tanki a sama, ga allo da sunan wanda ya bayar.

Bilki: Allon nan ya fi tankin ƙarko!

Sani: Wallahi. Da hoton honarabul, hula a karkace.

Bilki: Na unguwarmu sau biyu aka sake masa fenti. Yara a ƙarƙashinsa suke shan inuwa, mai rake ma can ya kafa baronsa.

Sani: Raken Takalmawa ne ko farin nan?

Bilki: Wa ke shan farin? Malam Sani, kai dai ba ka san rake ba.

Sani: Ni? Ni da na tashi a bakin fadama…

Hadiza: Don Allah ku ajiye raken nan, ku saurare ni. Haƙawa ba ita ce matsalar ba, gyara ne. Injin da ke cikin rijiya ya ƙone, ko a sace faifan sola, ko bututu ya fashe, shi ke nan an rufe babi, don tun farko ba wanda aka ɗora wa alhakin kula da shi. Wani wurin ma ruwan yana nan a tsakar asibiti, amma ba a ja shi zuwa ɗakin haihuwa ba. Sai bokiti. Bokitin da hannu goma ke shiga kuwa ba tsabta ba ne.

Sani: To kuɗin gyaran daga ina?

Hadiza: Yauwa. Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta kafa asusun BHCPF, wato asusun kula da lafiya a matakin farko, da ake zuba wa aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya. A cikinsa an ware kashi 15 cikin 100 don gine-gine, kayan aiki da sufurin asibitocin matakin farko, har da kula da su. Asibitin da ke cikin shirin, kuɗi na shiga asusunsa kai tsaye, kuma kwamitin raya mazaɓa yana da baki a yadda ake kashewa. Mai unguwa na ciki, mata na ciki. Su zauna da shugaban asibitin su tambaya: a tsarin kashe kuɗi na wata ukun nan, nawa aka sa wa famfo da sabulu? Tun 2018 gwamnatin Buhari ta ayyana dokar ta-ɓaci kan ruwa da tsabtar muhalli, bai kamata a ce har yau miji ke ɗauko jarka ba.

Bilki: Anti, mun ce za mu taɓo banɗakin mata da zubar da allurai…

Sani: Ga mai haɗa sauti yana ɗaga mana hannu.

Hadiza: Kash! To sai mako mai zuwa. Ku turo mana halin famfon asibitin unguwarku. Sai an jima.