Darasi: Lambobin da ke Jikin Sandar Fatsa, Me Suke Nufi?

Assalamu alaikum 'yan uwa masunta, barkanmu da warhaka. Yau ba za mu je bakin ruwa ba, a ƙofar shago muke, don haka ku yi haƙuri da ƙarar babura. Tambaya ɗaya ce ta ishe ni a satin nan: wai wannan rubutun da ke jikin sanda, sama kaɗan da mariƙi, na mene ne? Bari in matso da ita. Ɗan juya kyamarar, Malam. Yawwa, nan.

Kun ga layi biyu. Na farko an rubuta 8-17 lb, na biyu 1/4-5/8 oz. Na saman na zare ne, na ƙasan na nauyin abin da za ka jefa ne.

Na zaren ba shi da wuya. Wannan lb ɗin laba ce, laba ɗaya kuwa ta kusa rabin kilo, giram 454 in ana son ƙididdiga. To sandar tana cewa a ɗaura mata zaren da ƙarfinsa ke tsakanin laba 8 da 17, wato kilo uku da rabi zuwa kusan takwas. Ba wai girman kifin da za ta iya kamawa ba ne, a'a. Mutane da yawa nan suke ruɗewa. Da zaren laba 12 an sha fito da giwan ruwa da ya ninka haka, saboda kifi a cikin ruwa ba ɗaga shi kake ba, gajiyar da shi kake. Abin da lambar ke tsare maka shi ne, in ƙugiya ta maƙale a dutse ka ja da ƙarfi, zare ya tsinke kafin sanda ta karye. Zare ai kuɗinsa kaɗan ne.

To, layi na biyu. Nan zan ɗan daɗe, don shi ya taɓa cin kuɗina. Oz ɗin nan oza ce, oza ɗaya giram 28 da 'yan kai. Kwata ɗin oza giram 7 ke nan. Biyar bisa takwas kuma, bari in lissafa... giram 15, a'a, astagfirullah, kusan 18 ne. Giram 28 ka raba takwas, uku da rabi, sau biyar, sha bakwai da rabi. Yawwa. Ka ga ke nan wannan sandar daga giram 7 zuwa 18 take so. In kana son ka ji nauyin a hannu, ɗunƙulen magi ƙarami wajen giram 4 ne, biyu a tafin hannu sun kai ƙasan lambar. Sandunan da ake yi don kasuwar Turai ma sun huta da wannan lissafin, kai tsaye suke rubuta 10-30 g. Na Amurka ne masu oza. Ni dai na fi son na giram, gaskiya.

Abin da ba a gaya mini ba lokacin da na fara: nauyin nan na duk abin da ke ƙarshen zaren ne gaba ɗaya. Dalma, ƙugiya, da abincin da ka soka. Wata rana a dam ɗin Tiga ina neman tarwaɗa, na sa dalma mai giram 20, na ce ai ɗan wucewa ne kaɗan. Sannan na soka yankan hanjin kaza mai kauri a kai. Na ɗaga na wurga da iya ƙarfina, sai na ji ƙas! Kan sandar, kamar tsawon tafin hannu, ya bi zare ya tafi ruwa. Sati biyu da saye. Yaran da ke gefe da gorarsu suna ta dariya, su kuwa sun cika bokiti da karfasa.

In kuma abin ya yi rashin nauyi, ba za ta karye ba, amma ba za ta yi aiki ba. Duba nan. Na rataya kifin roba mai giram 3, kun ga kan sandar ko motsi bai yi ba. Sanda kamar baka take, sai ta lanƙwasa take harbawa. Yanzu ga ɗan ƙarfen yaudarar kifi da ake kira cokali, mai giram 12, kun ga yadda ta ɗan sunkuya? Nan ne daɗinta, tsakiyar lambobin nan biyu. Ba sai ka yi ƙarfi ba, zai tafi da kansa.

Ku sayi ɗan ma'aunin nan irin na masu sayar da gwal, mai batir. Dalmar da ake narkawa a gida ba ta da lamba, ido kuma yana ƙarya. Akwai su nan wurina, da dalma mai lamba, duk wanda ya zo ya ce daga bidiyo yake zan rage masa.

Wani ya tambaya ko za a iya ɗora zaren saƙa a kan irin wannan sandar. E, siriri ne, mai laba 30 kaurinsa kamar na roba mai laba 8 ne, shi ya sa ake ɗora shi a ƙaramar sanda. Ba laifi, ni ma ina yi. Amma ka sani yanzu zaren ya fi sandar ƙarfi, kuma ba ya miƙewa. Dole ka sassauta birkin injin naɗe zaren. Yadda nake yi: gorar ruwa ta lita ɗaya da rabi, a cike, in ɗaura a zare, in ɗaga. Ba da kan sanda ba fa, sandar tana kallon ƙasa, zaren na fitowa a miƙe. In gorar ta ɗago daga ƙasa sai birki ya fara saki a hankali, ya yi daidai da sanda irin wannan.

Akwai kuma masu rubutun PE, na Japan ke nan, shi kaurin zare yake aunawa, sai mun yi masa zama na daban. Malam, miƙo min waccan doguwar ta bayan ƙofa mu karanta tata, ina jin har giram 100 take ɗauka.