'Yar kyanwa mai cizo a gidan da ke da yara

Assalamu alaikum warahmatullah. Iyayena mata, yayyena da ƙannena, sannunku da zuwa. Na san wasu tun daga Tudun Wada suka tako, wasu daga Sabon Gari, ga ranar Gusau ba sauƙi. Allah Ya saka da alheri.

Yawancinmu don ɓera muke ajiye kyanwa, ta tsare mana buhun gero da dawa. Sai a je maƙwabta a ɗauko ta tana 'yar mitsitsiya, ko wata ɗaya ba ta cika ba. To daga nan matsalar take farawa. Ya kamata ta yi aƙalla mako 8 a wurin uwarta, domin a can take koyon iyakar cizo: in ta ciji 'yar'uwarta da ƙarfi, waccan ta yi ƙara ta bar wasan. Wadda aka raba da wuri ba ta sami wannan tarbiyya ba. Ga kuma famfara: tsakanin wata 3 zuwa 6 haƙoranta 26 na nono suke zubewa, manya guda 30 su fito, dasashi na ƙaiƙayi, kome ta samu sai ta tauna.

Amma ku duba abin da yaranmu ke yi. Yaro ya kwanta a tabarma, ya sa yatsun ƙafa cikin zane yana motsawa, kyanwa ta laɓe, ta karkaɗa ƙugu, ta dako tsalle ta cafke. Kowa ya kwashe da dariya. Mu da kanmu muka koya mata cewa naman yaro abin farauta ne. In ta girma ta yi irin wannan cafka jini ya fito, sai a ce muguwa ce, a ɗauko muciya.

Don Allah a daina dukan nan. Duka tsoro yake sa mata, kuma cizon tsoro ya fi na wasa muni. Kun san hadisin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta kulle; dabbar nan amana ce. Ku samo kara, ku ɗaura igiya da gashin kaza, yaro ya riƙa ja tana bi, da safe da kuma bayan magariba, lokacin da farauta ke motsa ta. In ta kama hannu kada a fizge, a tsaya cak, ta saki, a tashi a bar mata wurin. Ku nuna wa yara: wutsiya na kaɗawa da ƙarfi, kunnuwa sun kwanta baya, to ta gaji, a ƙyale ta ta haye katanga. Jariri kuwa, kada a bar su su biyu a ɗaki.

In cizo ya auku, a wanke da sabulu da ruwa mai gudana har minti 15, sannan a nufi asibiti ranar nan. Ban da toka, ban da kananzir. Haƙorinta siriri ne, yana shiga can ciki, bakin ciwon ya rufe, wuri ya kumbura kafin kwana ɗaya. Kuma kyanwa ma tana ɗaukar ciwon haukan kare, wanda in alamunsa suka bayyana a jikin mutum kusan ba a tashi. Daga wata 3 a kai ta wurin likitan dabbobi a yi mata allurar rigakafi. Wadda ta sauya hali farat ɗaya, tana dalalar da miyau, kada yaro ya matso kusa da ita, a kira ma'aikatan dabbobi.