Amsoshin Tambayoyinku: Lissafin Aikin Shekara

Mai gabatarwa: Assalamu alaikum masu saurare, barkanmu da warhaka daga nan Damagaram. Wasiƙun wannan mako kusan duk bakinsu ɗaya: shekara ta zo ƙarshe, mai sana'ar hannu da mai alƙalami kowa na son ya san ko ya ci gaba. Tare da ni akwai Baba, dattijon baduku daga unguwar Birni, da Malama mai koyar da rubutun Hausa. Ga wasiƙa ta fari, daga wani matashin baduku a Zango. Ya ce, "Bana na yi jakunkuna da takalma ba iyaka, hannuna bai huta ba, amma kuɗi ban gan su ba, ban kuma san ko aikina ya ƙara kyau ba. Ta ina zan fara?" Baba, bismillanku.

Baba: To ɗana, wannan "ba iyaka" da ka faɗa, ita ce ciwon. Abin da ba ka ƙirga ba, ba ka da bakin cewa ya ƙaru ko ya ragu. Nemo jaka guda daga aikinka na farkon shekara, ko a hannun wanda ya saya ne ka aro, ka aje ta gefen wadda ka gama makon nan. Kada ka tsaya kallon fuska, ado yana ruɗin ido. Juya su ciki waje. Ka ɗora ɗan yatsa bisa ɗinkin, ka ƙirga huda nawa basilla ta yi a tsawon gaɓa ɗaya, a tsakiya da kuma wajen kusurwa. In tsakiya 5 ce kusurwa 3, gaggawa na kama ka in ka kusa gamawa. Sannan ka ja maratayin da ƙarfi, don nan jaka ke fara mutuwa. Daga nan ka jiƙa farin ƙyalle ka goga a kan jan karan dafi da baƙin kuloko, wato launukan da ka rina fatar da su. In ƙyallen ya ɗauki launi, ko dai ka lafta da yawa, ko ba ka bari ya bushe ba kafin ka ɗinka, kuma farar rigar mai saye ce za ta biya.

Mai gabatarwa: Maganar kuɗin fa, Baba?

Baba: A yi lissafin jaka ɗaya tak. A ce fatar akuya jemammiya ka saye ta jika 3, launi da zare da gam da zif suka ci jika 1, ka yi yini 2 a kanta, ka kai kasuwar Dole ranar Alhamis aka saya jika 5. Saura jika 1, wato dala 200. Raba ta biyu: dala 100 a yini, ba a cire abincin rana ba. Ka ga inda kuɗin suka tafi. Yi wa kowane irin kaya haka, jaka, takalmi, alabe, gidan wuƙa. Za ka tarar akwai wanda ke ciyar da kai, akwai wanda kai ke ciyar da shi. Akwai kuma asarar ajiya da yara ba sa sawa a lissafi: fatar da aka ƙulle cikin leda da damina funfuna ke cin ta, wadda aka bari a iskar hunturu ba mai kuwa sai ta bushe ta tsage. Baɗi ka sayi kaye, wato littafin rubutu, kowane aiki layi ɗaya: ranar farawa, ranar gamawa, abin da ya ci, abin da aka biya, da wanda ya ɗauka bashi. Duk wata 3 ka ware aiki guda kada ka sayar, ka rubuta kwanan wata a cikinsa.

Mai gabatarwa: Madalla. Wata baiwar Allah daga Magarya ta ce, "Na ɗauki niyyar gama littafi bana. Labari 3 na fara, babu wanda ya wuce babi na 4. Anya ina da baiwar nan?" Malama.

Malama: Ƙanwata, wadda ta fara labari 3 ba baiwa ta rasa ba. Niyyar ce ta yi girma ba a yanka ta ba. "Zan gama littafi" ba ya gaya miki abin da za ki yi gobe bayan asuba. Ki fiddo ukun nan ki karanta su a zama ɗaya, ba biro a hannu, don kada ki shiga gyara. Sannan ki gwada faɗin ƙarshen kowanne da baki cikin jimla 2. Wanda ƙarshensa ya fito ba gargada shi za ki riƙe, sauran ki ɗaure ki aje. Yawancin labaran da ke maƙalewa a babi na 3 ko na 4 dalilinsu ɗaya ne: an gama gabatar da mutane da gidajensu, marubuciya ba ta yanke abin da jarumarta ke nema da wanda ya tare mata hanya ba, sai kowa ya zauna yana gaisuwa shafi bayan shafi.

Sai lissafin lokaci. Shekara mako 52 ce, amma kada ki yaudari kanki da su. Cire 5 na azumi da ƙaramar salla, 1 na layya, 6 na biki da suna da rashin lafiya da aikin gona. Saura 40. Shafi 1 a yini, kwana 5 a mako, shafi 200 ke nan, kaye guda cif. Ki lura kuma salla na matsowa da kusan kwana 11 kowace shekara, don haka jadawalin bana ba zai hau baɗi ba sai an gyara. Watan Afrilu da Mayu kuwa, da zafi ke haura digiri 40, wanda bai rubuta da sassafe ba da wuya ya rubuta da azahar. Ni dai ban ga amfanin sakin babi a zauren WhatsApp kafin a gama labari ba: masu karatu su ce a kashe wane a aurar da wance, ki wayi gari labarin ba naki ba ne. Duk Juma'a ki ɗauki hoton shafukan mako ki tura wa kanki ta imel, don kaye na jiƙewa, gara na ci.

Mai gabatarwa: Ga wani mawaƙi daga Mirriya. Ya ce waƙa 9 ya ɗauka bana, salula ta faɗa ruwa, 2 kaɗai ya samu wajen abokai, su ma muryar ta disashe.

Malama: Disashewar daga turawar ne, WhatsApp na matse saƙon murya don ya rage nauyi. Ya koma situdiyon da ya yi aikin tun ba su share ba, ya nemi ainihin fayil ɗin, wanda ake kira WAV, murya daban kiɗa daban in da hali. Ya aje wuri 2 da ba sa cikin aljihu ɗaya. Waɗanda ya gama kuma ya yi musu rajista a hukumar kare haƙƙin mawallafa ta ƙasa, BNDA, kafin ya sake su.

Mai gabatarwa: Ta ƙarshe gajera ce, daga Matamaye: ko yawan masu yabon hoton aiki a Facebook ma'auni ne?

Baba: Ya ƙirga mutum nawa suka dawo suka sayi na biyu, da nawa suka maido kaya don gyara. Lambar nan biyu ya rubuta a shafin farko na kayensa.

Mai gabatarwa: Baba, Malama, Allah ya saka da alheri. Wasiƙun maginan tukwane da masu ɗinkin hula suna nan a hannu, da su za mu buɗe mako mai zuwa in Allah ya kai mu.