Sulhu a Idon Doka: Daga Italiya Zuwa Kano

Idan rigimar gado ko ta haya ta haɗa ka da wani a Italiya, alƙali ba zai saurare ka ba sai ka fara zama gaban mai sulhu. Tun 2010 aka kafa wannan doka. Lauyoyi suka tayar da jijiyar wuya har da yajin aiki, kotun tsarin mulki ta soke tilascin a 2012, amma a 2013 aka dawo da shi da gyara: zaman farko dole ne, amincewa kuwa ganin damarka.

Ingila ta daɗe tana ɗari-ɗari. A 2004 kotun ɗaukaka ƙara ta nuna cewa tilasta wa mutane sulhu tauye musu haƙƙin zuwa kotu ne. Sai a 2023 ta sauya magana, kuma kan me? Wani mutum mai suna Churchill ne ya kai ƙaramar hukumarsu ƙara saboda wata muguwar ciyawa da ta yaɗu daga filin hukuma ta shiga lambunsa. A shari'ar ciyawar nan aka yanke cewa alƙali na iya dakatar da ƙara ya tura mutane su daidaita.

To, an zauna, an shirya, an sa hannu. Idan ɗaya ya saɓa fa? A ganina nan ne gizo ke saƙar. A Nijar, Kamaru da Chadi, cikin ƙasashe 17 na OHADA, ƙungiyar daidaita dokokin kasuwanci a Afirka, dokar sulhu ta 2017 ta ba da damar kai takardar gaban alƙali ya tabbatar da ita, daga nan ta zama kamar hukunci, ana iya kama dukiya da ita. Najeriya ta yi tata dokar a 2023, ta maye gurbin ta 1988, ko da yake Legas ta buɗe gidan sasanci a harabar kotu tun 2002.

Mu kam sulhu ba baƙonmu ba ne. Alƙur'ani ya ce sulhu alheri ne, kuma idan ma'aurata suka samu saɓani a ɗauko mutum ɗaya daga dangin miji, ɗaya daga dangin mata. Ku lura da bambancin. Tsarin Turai yana son mai sulhu baƙo, wanda bai san kowa ba, a rufe ƙofa, abin da aka faɗa a ciki ba ya fita. A zauren mai unguwa ko ofishin Hisba a Kano kuwa, ƙarfin mai sulhu shi ne ya san ku, ya san iyayenku, kuna jin nauyinsa.

Wannan jin nauyi yana kashe rigima cikin yini guda, ba kuɗin lauya. Amma yana da illa: sau da yawa mai ƙaramin ƙarfi ake cewa "yi haƙuri", bazawara ta bar kasonta don kada a ce ta raina manya. Fiƙihu ya sa iyaka, duk sulhun da ya halatta haram ko ya haramta halal ɓatacce ne. Don haka wanda aka matsa wa ya yafe haƙƙinsa yana da ikon ƙin sa hannu ya wuce gaban alƙali.